Yatsun Tawada

Tawada ake ce masa, don tun yana saurayi ba a taɓa ganin farcensa fari ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bayan tashar mota, tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo. Da can hatimi yake sassaƙa wa ofisoshi. Da gari ya bunƙasa, aka watse daga tsohon ƙauyen da ke bakin rafi, sai ya koma sassaƙa ƙauyen a kan katako: rijiyar dutse, gidan niƙa, lungun da aka haife shi, da ɗakin mahaifiyarsu mai ƙofar da sai ka sunkuya. Yakan shafa wa katakon tawada, ya ɗora takarda, ya murɗa injin matsi, hoto ya fito. Wanzamai da masu shayi duk suka liƙa a bango, kowa na nuna wa baƙo inda kakansa ya zauna.

Sai aka ce za a rushe ƙauyen a gina ɗakunan ajiye kaya. Mutane suka ɗauki hotunan nan suka tsaya a gaban motocin rusau, aiki ya tsaya cak. Wanda ya karɓi aikin rusau ɗin kuwa wan Tawada ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Da hantsi wan ya faɗo shagon, da ƙarti biyu a bayansa.

“Ni za ka tona wa asiri a garin nan?” in ji shi.

“Yaya, zauna mana. Gidanmu na zana, ba kai ba.”

Da mari wan ya ba shi amsa, har leɓe ya fashe. Ƙartin suka hau katakan da guduma, suna farfasawa ɗaya bayan ɗaya. Da suka kai ga na ɗakin mahaifiyarsu, Tawada ya kifa a kai ya rungume. Suka yi ta zuba masa takalmi a haƙarƙari, bai saki ba. Sai wan ya finciko hannunsa na dama, ya cusa a cikin injin, ya murɗa da kansa. Mai gyaran rediyo ya ce ta bango ya ji ƙarar ƙashi.

Matar Tawada tela ce, shagonta na tsallaken titi. Da gudu ta shigo, almakashi a hannu, ta luma wa ƙato ɗaya a dantse.

“Sake shi, azzalumi!” ta daka wa wan tsawa. “Ƙanenka ne fa!”

Mai faci ya biyo ta da ƙarfen cire taya, ya sauke wa wan a goshi. Jini da tawada suka gauraye a ƙasa, har masu gudu na zamewa.

A asibiti aka yanke wa Tawada yatsu uku. Da ’yan sanda suka tambaye shi, ya juya fuska bango, ya ƙi ambaton wansa. Matar ce ta faɗi komai, aka ɗaure wan. Dangi suka daina gaishe ta, ita kuwa ko a jikinta.

Wani ɗan kwangila ya rushe rabin ƙauyen, amma rijiyar da lungun sun tsira, aka kewaye su da shinge. Tawada ya koyi sassaƙa da hagu. Layukansa suka karkace, shi ma ya zama mai saurin fushi, in wuƙa ta goce sai ya yi jifa da katakon har titi, matar ta tsinto ta ce, “Maigida, ka kusa fasa wa mutum kai, kai ma a ɗaure ka.”

Da aka sako wan, Tawada ya sa rigarsa mai kyau ya je yi masa barka. Wan ya leƙo, ya dube shi, ya mayar da ƙofa ya rufe. Tawada ya ɗan tsaya a rana, sannan ya tare mota ya koma shago.