Shingen Aguwar da Kakana Ya Bari

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana, Allah ya jiƙansa. Makiyayi ne a wata ruga kusa da Sule Tankarkar, bai taɓa riƙe sarauta ba. Makon jiya malaminmu ya rubuta "rikicin manoma da makiyaya" a allo, ya ce wa zai kawo misali. Ban ɗaga hannu ba. Kakana na tuna.

Kowace bazara, kafin ruwan farko, yakan sari rassan aguwa ya bi burtalinmu, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki, yana dasawa duk inda shinge ya yi giɓi. Ba ya zuwa shi kaɗai. Sai ya kira Baba Gambo, manomi Bamange, abokin wasan Fulani, don kada a ce Bafulatani ya ja iyaka babu shaida. Ni ce mai riƙe musu buta. Na lura idan farin ruwan aguwa ya taɓa hannunsa, da yashi yake gogewa, ba da riga ba.

Tafe suke suna tsokanar juna. "Bawana, matsa da ramin nan, shanun ubangidanka za su wuce," in ji kakana. Baba Gambo ya ce, "Ji ɗan daji! Ai kai ne bawana, kai da ko gero sai na ba ka?"

Tun da ya rasu babu wanda ya sake dasa ko reshe. Ba a yi faɗa ba, ba a kai ƙara ba. Kowace damina dai wani ya ƙara kunya ɗaya a bakin gonarsa, ya ce 'ya'ya sun yi yawa, kuma gaskiya ya faɗa. Inda garke ke wucewa a sake, yanzu sai a jere, babana na gaba yana kare bakinsu daga dawa. Yakan dawo ya zauna, ko takalmi bai cire ba.

Da kakana zai ga wannan, ban jin zai zagi kowa. Ina ganin adda zai nema. Sai dai ban san wa zai kira ya raka shi ba, don Baba Gambo ido ya tafi.

Babana ya yanke shawara: bayan girbi zai haura da shanu wajen dangi a ƙasar Damagaram. Na yi zaton karatuna ya ƙare, domin can babu makarantar da zan ci gaba. Da na je gaida Baba Gambo na gaya masa, sai ya aika aka kira babana.

"Ka tafi da shanunka," ya ce. "Jikar bawana kuwa a gidana za ta zauna har ta gama. Ba roƙonka nake ba."

Shingen yana ƙarewa, shanun ma za su tafi. Abin da kakana ya bar mini shi ne tabarma a ɗakin jikokin manomi.