Kwana Biyar a Malta Ina Neman Bashir

Alhamis: Jidda zuwa Rum

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba muka fito daga gidanmu da ke Ruwais, ni da maigidana, Abban Yusra. Yara na barci, maƙwabciyarmu Khala Zainab ta zo ta zauna da su. Haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci. Ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Yalla, halas da kukan nan. In yana da rai za ki gan shi, in kuma ba shi da rai kya san inda yake kwance." Rabin maganar na biyu shi ya bi ni har cikin mota.

Bashir ƙanena ne, ni na goye shi a Gusau. Ya gama karatu ya rasa aiki, ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, ya shekara biyu yana fenti a Turabulus. Wata biyu kafin wannan tafiya wani abokinsa ya kira ni ya ce Bashir ya hau kwalekwale zai tsallaka Turai. Kwalekwale biyu suka tashi tare, ɗaya ya kife, waɗanda aka tsamo, rayayyu da gawarwaki, an kai su wani tsibiri wai shi Malta. Bai san wanne Bashir ya hau ba. Tun ranar Innarmu ta daina cin abincin kirki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Jidda, shekarata goma sha ɗaya. Neman biza ya ci mini sati biyar. Kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ya miƙo mini fasfo da izinin fita da dawowa, ya ce mako ɗaya ya ba ni, in na wuce kada in nemi aikina.

Muka bi titin Madina, kilomita ashirin zuwa filin jirgi. Shinge ɗaya muka tarar, aka duba iƙama, wato takardar izinin zama, aka sallame mu. Jirgi ya tashi bakwai da minti ashirin, muka yi awa biyar a sama. A Rum jami'in shige da fice ya juya koren fasfona ya sake juyawa, ya dubi abayata, ya tambaye ni abin da zai kai ni Malta. Na ce ziyara. Ya ɗauki fasfon ya shige wani ɗaki. Minti ashirin na yi a tsaye ina tunanin me zan ce wa Inna in aka mayar da ni daga nan. Ya dawo ya buga hatimi ya miƙo mini fasfon.

Alhamis da yamma: Valeta

Daga Rum awa ɗaya da rabi ne. Da jirgi ya fara sauka na leƙa ta taga na ga ƙasar gaba ɗayanta, kamar faifai a tsakiyar ruwa. Tsawonta bai kai kilomita talatin ba. Abin da na fi kallo shi ne ruwan, babu iyaka ta kowane ɓangare. Sai na rufe tagar.

Wani dattijo mai tasi, Zeppi, ya ɗauke ni. A hannun hagu suke tuƙi, gadon Turawan Ingila, duk motar da ta taho sai in ga kamar kanmu za ta hau. Ya yi waya da harshensu, na ji ina tsintar kalmomi irin na Larabci: dar, triƙ, ilma, hobz, wato gida, hanya, ruwa, burodi. Na tambaye shi da Larabci ko Balarabe ne. Ya yi dariya ya ce shi Kirista ne ɗan Malta, amma Larabawa sun mulki tsibirin fiye da shekara ɗari biyu, sun tafi sun bar musu harshe. Ko a coci, in ji shi, Alla suke kira.

Kilomita takwas muka yi zuwa Valeta, babban birnin. Ganuwa ce ta dutse ruwan zuma, tituna ƙanana, wasu duk matakala. Gidajen suna da barandar katako rufaffiya mai fenti kore ko shuɗi, sak irin wadda ake kira rawashin a tsofaffin gidajen unguwar Balad ta Jidda. Na sauka a gidan baƙi na yayar Zeppi, wata tsohuwa mai suna Karmena, Yuro talatin da biyar kwana ɗaya da karin kumallo. Ta kawo mini burodi da aka goge da tumatir aka zuba man zaitun da kifi. Ta ce in ci, babu alade a ciki. Loma biyu na iya.

Juma'a: ofishin 'yan sanda da maƙabarta

Ƙarfe tara ina ofishin da ke kula da baƙin haure. Wata jami'a ta karɓi cikakken sunan Bashir da hotonsa, ta yi kwafi ta dawo mini da nawa. Ta bi jerin sunayen waɗanda aka tsamo da yatsa, shafi bayan shafi. Babu shi. Sai ta tambaye ni ko zan iya kallon hotunan waɗanda ba a san sunayensu ba.

Na ga gawa ba adadi a wurin aiki, amma ban taɓa ganin abin da ruwan teku ke yi wa fuskar mutum ba. Ɗaya bayan ɗaya take ajiye su a kan tebur. Akwai guda biyu da na kasa cewa e, na kasa cewa a'a. Na fito na samu benci a wani lambu da ke saman ganuwa, yana kallon tashar jiragen ruwa. Ina zaune sai ƙarar igwa ta tashi a ƙarƙashina, na zube ƙasa na rufe kai. Turawa masu ɗaukar hoto suka ɗaga ni. Ashe al'adarsu ce, kullum sha biyun rana sai sun harba.

Na shiga tsohuwar bas mai ruwan ɗorawa, ƙasa da rabin Yuro, zuwa Pawla inda masallaci yake. Bayan sallar Juma'a wani Balarabe ya raka ni maƙabartar da ake binne waɗanda teku ta kawo. Babu suna a kansu. Na tsaya na yi musu addu'a duka, don ban san ko ina tsaye a kan ɗan'uwana ba.

Asabar: Marsa

Da Karmena ta ga idona ta zaunar da ni, na gaya mata komai. Ta ce Zeppi ya kai ni Marsa, inda waɗanda aka sako daga sansanin tsare baƙin haure ke tsayawa a bakin titi suna jiran aikin yini. Minti goma ne a mota. Na sauka ina jin tsoro, mace ɗaya cikin maza fiye da hamsin. Na yi sallama da Hausa da ƙarfi. Wani mutum mai furfura a gemu ya juyo. Malam Isufu sunansa, mutumin Tawa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ba zan taɓa samun Bashir da sunansa ba. Babu mai faɗin sunansa na gaskiya ko ƙasarsa, don wanda aka gane ɗan Najeriya ne ana iya mayar da shi. Kowa cewa yake daga ƙasar da ake yaƙi ya fito. Ya dubi hoton ya girgiza kai. Na ce Bashir na da in'ina in ya yi sauri, kuma bahago ne. Sai ya ce akwai wani da ake kira Adam ɗan Sudan a sansanin da ya baro sati biyu da suka wuce, da hagu yake rubutu, kuma ya taɓa jin sa yana ƙirga da Hausa.

Sai ya tambaye ni, "Hajiya, wa da wa kika nuna wa hoton nan?"

Na ce 'yan sanda, har sun yi kwafi.

Ya riƙe baki. "Da sunansa na gaskiya?"

Na ce e. Na zo neman yaro, ga shi ƙila da hannuna na tona masa asiri.

Lahadi: Imdina da bakin ruwa

Karmena tana cikin matan coci masu kai tufafi sansanin duk Litinin. Ta yi waya aka sa sunana a matsayin mai jinya da ke jin Larabci. Saura jira. Ta ce ba za ta bar ni a ɗaki in kashe kaina da tunani ba, bayan ta dawo daga coci muka shiga motar Zeppi.

Imdina na kan tudu, kilomita goma sha biyu daga Valeta, tsohon babban birninsu ne, sunan ma daga madina ya samo asali. Shiru kamar ba kowa, sai takun doki mai jan keke. Daga kan ganuwarta ana hango kusan rabin ƙasar, coci-coci masu ƙubba a kowane ƙauye. Zeppi ya yi ta ba ni tarihi: bayan Larabawa aka yi mayaƙan Kirista masu gicciye a ƙirji, Turkawa suka kewaye su wata huɗu suka kasa cin su, Faransawa suka ɗan taɓa, Ingila ta daɗe. A yaƙin duniya na biyu uwarsu a cikin kogon dutse ta yi renon Karmena saboda ruwan bama-bamai. Ya ce a zamanin mayaƙan nan Musulmi da yawa aka kamo a teku aka sa su tuƙa jirage cikin sarƙa, har da baƙaƙe. Da ya ga fuskata sai ya canza magana.

Muka gangara wani ƙauyen masunta a kudu. Kwalekwalensu masu fenti ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, kowanne an zana masa idanu biyu a goshi don tsari. Wurin yana da kyau ƙwarai, mutane na cin kifi a bakin ruwa, yara na wasa. Duk wanda ya je da kwanciyar hankali zai so ya ƙara kwana. Ni kuwa girman kwalekwalen nake aunawa da ido. Na tambayi Karmena me ya sa take wahala da mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Ta ce wanda ya kawo musu addininsu ma jirginsa ne ya tarwatse a gaɓar nan, kakanninsu suka hura masa wuta ya ji ɗumi.

Litinin: sansani

Ƙarfe goma muka isa. Waya mai ƙaya, ƙofa biyu, soja ya karɓi fasfona ya riƙe. Aka kai mu wani dogon ɗaki mai gadaje hawa biyu, zafi da warin jiki. Na buɗe jakar magani a kan tebur, masu ciwo suka yi layi, soja ɗaya na tsaye taku biyu daga ni. Yawancinsu ƙuna ce a cinya da ƙafa, ta man fetur da ya gauraya da ruwan gishiri a cikin kwalekwale.

Na sallami mutum tara. Na goma ya zauna ya miƙo ƙafa. Ƙashi da fata ne, gemu ya rufe masa fuska, babu mai haɗa shi da hoton da na bari wurin 'yan sanda. Ni kaina sai da ya kai hannun hagu ya naɗe wandonsa na gane. Almakashi ya faɗi daga hannuna. Ya dube ni ido cikin ido, ya ce da Larabci sunansa Adam. Na ce sannu Adam.

Na sunkuyar da kai ina wanke ciwon. Da sojan ya juya wurin Karmena, Bashir ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, Inna fa?"

"Tana nan. Kai take jira. Ka faɗi gaskiya mu koma gida, ni zan tsaya maka."

Ya girgiza kai. Ya ce kwalekwalensu ne ya kife, jarka ya rungume tun hantsi har la'asar, yana ji waɗanda ke kusa da shi suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya. "Ba zan iya komawa yanzu ba, Yaya. Don Allah kada ki kira sunana."

Na naɗa bandejin, na warware, na sake naɗawa, har sau uku, don dai in ƙara minti ɗaya ina riƙe da ƙafarsa. Sojan ya ce na gaba. Bashir ya miƙe ya yi mini godiya da Larabci kamar baƙo, ya tafi yana ɗingishi. Na duba sauran mutum shida ban san abin da nake yi ba. Sai da muka fito Karmena ta rungume ni, a nan na yi kukan da na riƙe.

Talata: komawa Jidda

Zeppi ya zo ƙarfe shida, ya ƙi karɓar kuɗin mota. Na sake bi ta Rum, muka sauka Jidda ana kiran magariba, zafi da laima suka tare ni a ƙofar jirgi. Abban Yusra na jira. Tun a mota na kira Gusau. Na ce wa Inna Bashir na da rai. Ta ce, "Hajara, kin taɓa shi da hannunki?" Na ce na taɓa shi, ni na wanke masa ciwo. Sai na ji wayar ta faɗi, na ji tana kiran mutanen gida da sunayensu.

Bashir ya ƙara wata tara a sansanin kafin a sake shi. Yanzu yana aikin gini a can, yana sassaƙa dutsen nan mai ruwan zuma. Har yau bai zo gida ba, kuma har yau Adam suke kiran sa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Karmena da Zeppi, da Malam Isufu, da Khala Zainab da ta riƙe mini yara. Waɗanda na tsaya a kansu ranar Juma'a kuwa, duk wanda ya karanta wannan ya sa su a addu'a, don su ma akwai masu jiran su a gida.