Abin da Ciɗo Ya Taka

Ciɗo dillalin shanu ne a kasuwar dabbobi ta Tawa, kuma ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. Ko ka rantse masa saniya lafiyarta lau, sai ya buɗe bakinta ya duba. Mu maƙwabta mun saba. In ka gaishe shi da fara'a, wuni zai yi yana tunanin abin da kake nema.

Da ya haura hamsin, ciwo ya kama naman cinyoyinsa da kafaɗunsa. Tashi daga tabarma ya zama aiki, ɗora hula ma sai da taimako. Likita, wanda mutanen Tawa ke kira lokotoro, ya ce naman jikin ne ya kumbura daga ciki, kuma masu wannan ciwo jininsu yakan daskare a jijiya. Ya ce kada ya yawaita kwanciya, ya riƙa tattaki, in ƙafa ɗaya ta kumbura a kawo shi nan take.

Matarsa Raƙiya ta riƙe maganar gam. Kullum da hantsi sai ta kama hannunsa su zagaya tsakar gida. Ciɗo yana tafiya yana kallonta ta wutsiyar ido.

Wata Lahadi ƙwaurinsa na hagu ya kumbura, ya yi zafi.

"Malam, mu tahi gidan likita," in ji Raƙiya. "Abin da lokotoro ya hwaɗi ke nan."

"Lokotoro? Wani abu ni taka cikin gidan ga! Mi ya sa kullum bakin rijiya kika biyo da ni?"

Raƙiya ta fashe da kuka. Ni ma na shiga na roƙe shi, ya ce ai bakinmu ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma zuciyar mutum birninsa. Ciɗo ya kira ƙaninsa Baƙo, ya sa shi tone tsakar gida don nemo asirin da yake zargin an binne masa, ya kuma sa wanzami ya murza ƙafar.

Baƙo na cikin haƙa numfashin Ciɗo ya sarƙe, ya dafe ƙirji. Kafin a samo mota ya cika.

Bayan sadakar uku na tarar da Raƙiya durƙushe a bakin rijiya da hauya, tana tone inda Baƙo bai kai ba. Na ce ta bari, ba abin da ke wurin.

"Na sani, Baba," ta ce. "So nike dangi nai su zo su gani da idonsu."