Ganyen da Yaya Ke Dafa wa Ɗanta

Yayata mai shara ce a asibiti. Tun tana iya ɗaukar bokiti biyu a tare take goge ɗakunan marasa lafiya, har gwiwoyinta suka fara ƙara. Ɗanta ɗaya tak, Dogo, tela ne mai hannu kafin ƙwaya ta cinye shi. Keken ɗinkinsa ma kwance shi ya yi ya sayar, kai daban, ƙafa daban.

Wata rana tana goge ƙarƙashin tebur ta ji likitoci suna zancen wani mai da ake tacewa daga ganyen wiwi, wai ana gwadawa ko zai rage wa masu shaye-shaye kwaɗayin ƙwaya. Ta ajiye tsumma, ta tare ƙaramarsu a bakin ƙofa.

"Likita, don Allah a sa ɗana."

"Mama, gwaji ne, ba a tabbatar ba tukuna, kuma mutanen da ake nema sun cika. Man ma an cire masa abin da ke bugarwa, ba ganyen da kika sani ba ne."

Yaya kuwa, abin da take so kawai kunnenta ke ɗauka. Ta ji ganye, ta ji magani, shi ke nan. A wurinta maganin ganye dafawa ake yi. Matar da ko warin hayaƙin ba ta iya jurewa, ita ce ta ja mayafi ta zagaya bayan garejin makanikai ta sayo ƙulli. Ta tafasa a butar shayi, ta tace, ta sa sukari, har da bisimillarta.

Dogo ya sha, ya yi barci, ya tashi ya share tukunya tas. Ta zo mini tana kuka tana dariya, wai yaro ya ci abinci. Wallahi ni ma na so in yarda.

Ina! Ba a jima ba na shiga gidan na iske shi a tsakar gida, ya watsa ƙwaya a baki ya kora da ruwan ganyen uwarsa. 

"Haba Yaya! Da guda muke fama, kin ƙara masa ta biyu, kuma da hannunki?"

Ba ta ɗago ba, tana ta ɗauraye kofin.

"Na sani," ta ce. "Tuntuni na san ba ya magani. Amma da can sai in yi sati ban sa shi a ido ba. Yanzu kullum yana zuwa ya sha. In na daina dafawa, me zai kawo shi gida?"