Ranar da Muka Hau da Ofis Kan Dutse

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da muka ɗauki ofis ɗungurungum muka hau da shi kan dutse. Ku da kuka shigo aiki daga baya kuna jin labarin a gutsuttsure, to ga yadda aka yi.

Lokacin ina malamin dabbobi a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Ruma, wajen Batsari. Yawancin aikina rigakafi ne. Duk garken da na yi wa allura sai in shigar da sunan mai shi, da yawan shanun, da inda suke kwana, a kwamfutar ofis. A wani wuri wannan ba komai ba ne. A wajenmu kuwa, wanda ya san yawan shanun mutum da makwancinsu ya yi wa ɓarayin daji rabin aiki. Shi ya sa makiyaya suka daɗe suna gudunmu. Ardo Jibo, shugaban rugagen yankin, shi ya shawo kansu, bayan na yi masa alkawarin abin da na rubuta ba zai wuce ƙofar ofishinmu ba.

Farkon damina aka kira mu bita a Katsina, mu na Batsari da na Safana. Wata injiniya mai suna Zulaihatu ta yi mana bayanin sabuwar manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda za ta riƙa hango inda ciwon huhun shanu zai ɓulla kafin ya ɓulla. Ta ce ba za a kwashe bayanan kowa a tara wuri guda ba. Manhajar za ta zauna cikin kwamfutar kowane asibiti ta yi karatunta a nan, sannan ta aika darasin da ta koya kawai, babu suna, babu ruga. Aka ba mu takardar umarni mai doka biyu. Ta farko, kwamfuta ba ta fita daga ofis ko da taku ɗaya. Ta biyu, a aika darasi ta intanet kafin ƙarshen wata. Ramukan kwamfutar da ake soka filas a kwafi bayani ma sai da aka cika su da gam.

Sai da na koma na tuna asibitinmu babu sabis. Duk garin, wuri guda ake samu, kan dutsen da ke bayan kasuwa.

Na sanar da Malam Lawal, mai kula da shiyyarmu, dattijon da bai taɓa karya doka ba kuma bai taɓa barin aiki ya kwana ba. Ya hau babur ya zo ranar kasuwa. Ya karanta takardar, ya juya bayanta, ya sake karantawa. Can ya cire tabarau.

"Malam Sani, mene ne ofis?"

"Ranka ya daɗe, ɗakin nan da muke ciki."

"A'a. Wannan ɗaki ne. Me ya mai da shi ofis?"

Ya nuna allon ƙarfen da ke kafe a ƙofa, mai ɗauke da sunan asibitin. Ya nuna tebur, ya nuna hatimi, ya nuna ni.

"Inda waɗannan suke, nan ne ofis. Takarda ta ce kar kwamfuta ta fita daga ofis. Ba ta ce kar ofis ya fita daga ɗaki ba. Nemo diga."

Muna cikin haƙar allon Ardo Jibo ya iso, don labari ya kai masa cewa an kawo wani abu da ke karanta shanu. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da dabbobi da ruwan sama, sannan ya dube ni.

"Likita, ina alkawarinmu? Ka ce ba zai wuce ƙofa ba."

Kafin in buɗe baki Malam Lawal ya ce a ɓalle ƙyauren ma a tafi da shi.

Haka muka ratsa kasuwa. Masu dako biyu a gaba da allo, biyu da tebur, kwamfuta a kai an lulluɓe ta da darduma, ni ina dafe da ita. Malam Lawal ya hana mai ƙyauren ya koma baya, wai dole ƙofa ta kasance gaban kwamfuta kar ta wuce ta. Ardo na biye da sandarsa a kafaɗa. Masu hatsi suka bar awo, mahauta suka miƙe da wuƙaƙe a hannu suna kallo. Kafin mu kai saman dutsen rabin kasuwa na bayanmu.

Aka jingina allo, aka tsai da ƙyaure da duwatsu, na zauna na kunna. Wata tsohuwa ta ga an buɗe asibiti, ta turo ƙyauren ta shigo da akuyarta mai zawo, ko da yake babu bango ta kowane gefe. Malam Lawal ya ce ofis a buɗe yake, a duba ta. Na ba akuya magani da hannu ɗaya, ɗayan yana kan kwamfuta.

Da sabis ya kawo, Ardo ya ce ba za a aika komai ba sai ya ga abin da zai tafi. Na kira injiniya a waya, ta nuna min inda zan buɗe. Lambobi ne zalla, layi bayan layi. Na miƙa masa wayar.

"Baba," in ji ta, "ko ni da na haɗa abin ba zan iya ciro sunanka daga nan ba."

"'Yata, to shi abin ya san ni?"

"Wanda ke cikin kwamfutarku ya karanta. Amma abin da zai aiko mana bai san kowa ba."

Ardo ya daɗe yana duban lambobin. Na ga kafaɗunsa sun fara sauka. A nan ne Malam Lawal, don ya ƙarasa kwantar masa da hankali, ya dafa shi, ya ɗaga murya yadda na can ƙasa ma za su shaida amanar gwamnati.

"Ardo, ka kwanta ka yi barcinka! Shanun nan naka kaza da ke kwana bayan tafkin kaza, wallahi babu mahalukin da zai sani!"

Ya faɗi adadin daidai, ya faɗi tafkin daidai. Ni ba zan maimaita ba.

Akuyar ce kawai ta yi kuka. Ardo ya dubi jama'a, ya dubi Malam Lawal, ya sauke sandarsa ya gangara ba sallama. Darasi kuwa ya tafi lafiya lau.

Kafin magariba ya tashi rugarsa gaba ɗaya, mata da yara da maruƙa, cikin ruwan sama, suka yi wajen garin Babban Duhu inda surukansa suke. Allah ya tsare, ko saniya ɗaya ba a taɓa ba. Malam Lawal ya bi shi har can da goro ya ba da haƙuri, ya dawo muryarsa ta yi ƙasa. Injiniya da ta ji yadda muka yi, dariya ta hana ta magana, daga baya ta turo aka kafa mana eriya a kan dogon ƙarfe.

Sai da kaka ta yi Ardo ya sake kawo shanu rigakafi, da sharaɗi. Ranar da zai zo Malam Lawal ba zai zo ba, kuma ba zai faɗa min adadi da baki ba. Na koya masa lambobin kwamfuta, shi ke dannawa da yatsansa, ni ina kallon bango.

Abin da na ɗauka daga wannan shi nake faɗa wa duk wanda aka turo min. A aikinmu mun iya tsare na'ura, mu toshe ta da gam, mu rubuta mata doka. Amma bayanan nan rayukan mutane ne da abincinsu, kuma da mu suke yawo, a kasuwa, a majalisa, a bakin masallaci. Malam Lawal mutumin kirki ne, da kyakkyawar niyya ya yi. Duk da haka a cikin ruwa yaran Ardo suka yi tafiya.