Kashi Ɗaya Ya Rage Mana, Rifkatu

Da safen nan ina cikin dama koko Malam Danjuma ya kira ni daga Kabo. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Hajiya, ƙawarki ta tafi."

Matarsa, Malama Rifkatu, ta rasu.

Kokon yana nan a kwano, ya daskare.

Ga waɗanda ba su san ta ba, malamar firamare ce, 'yar Filato. Ta zo Gwarzo a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da mutanensu da dama suke ɗaure kaya suna komawa gida. Ita kuwa ta sayi mayafi ta zauna. Magidanta nawa ne a nan Mainika ta Gwarzo yau da ita ta fara riƙe musu hannu a kan fensir? Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, amma mun yi shekaru ba mu wuce "ina kwana" da "yaya yara" ba.

Sai da Alhaji ya rasu na shiga takaba.

Matan da suka yi ta sun san abin da zan faɗa. Ran farko ba masaka tsinke a tsakar gida. Ran bakwai a yi sadaka a naɗe tabarmi. Bayan arba'in ko kazar maƙwabta ba ta leƙo ki. Yara sun koma bakin aikinsu a Kano da Zariya. Littattafan gidan na karance su tas, na sake komawa, har na fara faɗa da marubutan a zuciyata. Tsakanin la'asar da magariba, lokacin da Alhaji ya saba dawowa daga kasuwa, nan ne gidan yake yi mini girma.

Wata la'asar sai ga sallama. Rifkatu ce, da kwanon faten acca a hannu da 'yar filash mai ɗauke da finafinai ƙulle a gefen mayafi.

Ta ce, "Yaya Binta, an kashe wani maƙerin zinariya a shagonsa, 'yan sanda sun rasa gane kowa. Na ga ba ki da aikin yi. Zo mu taimaka musu."

Na ce, "Malama, takaba fa nake."

Ta ce, "Ai ba ke za ki je ba. Su za su zo."

Haka muka fara.

Ba a yi mako ba magana ta kai kunnen Yaya Gaje, yayar Alhaji. Ta shigo tana huci: mai takaba da kallon gawar Turawa, kuma da wadda ba ta salla? Na ce, "Yaya, babin takaba na karanta shi tun kafin ki ɗaura ɗankwalin zuwa nan. An hana ni ado, an hana ni kwana a waje. Ba a hana ni maƙwabciya ba. In kaɗaicina ne ya dame ki, ga tabarma, gobe da la'asar ki zo."

Ba ta zo ba. Har yau ina jira.

Wadda ba ta sallar kuwa, ita ke fara jin ladan kafin ni. Sai ta tsayar da fim ta ce, "Tashi, mai kisan ba zai gudu ba." In aka zo wurin rashin kunya, ita ke tashi da faifai ta kare talabijin tana cewa, "Kai, Turawa ba su da iyaye ne?"

Masu yawan tambayata wane fim mai dogon zango za su kalla in zaman gida ya kama su, daga bakinta na koyi amsar. Ku bar masu tseren mota da ruwan harsashi. Ku nemi masu tafiya a hankali, na ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, inda 'yar sandar ta gaji, takalminta ya tsufa, kuma wanda take nema yana cikin masu gaishe ta kullum.

Dokarmu biyu ce. Ba mai kallon kashi ko ɗaya ita kaɗai. Kuma kowa sai ta faɗi wanda take zargi kafin a kai ƙarshe.

Ni ina bin hujja, waye ya yi ƙarya, waye zai ci gado. Rifkatu ba ruwanta da wannan. Jira take a nuna wurin jana'iza, sai ta miƙa yatsa: "Ga shi can, mai birgimar nan. Wanda ya fi kowa kuka, shi ne."

Abin haushi, sau da yawa ita ke cinye ni.

Na fita takaba, ba mu daina ba. Aka mayar da ita Kabo, kallon ya koma na Asabar. Mai ya yi tsada, kuɗin mota ya zama abin da sai an yi shawara, sai ga ciwon ƙoda. Ana ce mana mu ƙara haƙuri, daɗi na nan tafe. To ga wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a gaban allo, wankin ƙodar da likita ya ce a yi mata a Kano sai an tsallake wani a yi wani. Masu cewa a yi haƙurin, Allah yana kallon inda su suke zuwa in kansu ya yi ciwo.

Asabar ɗin da ta wuce na je. Babu wuta, sai muka jingina wayata da filo, tana kwance ina zaune a bakin katifa. Labarin wani likita ne da aka tsinci gawarsa a rijiyar gonarsa. 'Yar sandar ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa wata ƙofa ke nan, caji ya ƙare.

Saura kashi ɗaya.

Ta ce, "Matarsa ce. Kin ga kukan da ta sha?"

Na ce, "Direbansa ne, Malama. Wannan karon kin faɗi."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Da na yafa mayafi ta riƙo hannuna ta ce, "Kada ki kalla ba ni. In kin kalla zan gane, fuskarki ba ta iya ɓoye komai."

Na ce sai Asabar, in Allah ya kai mu.

Tun safe nake ganin hotonta a shafukan mutane, da jerin fuskoki masu zubar da hawaye. Wasunku tun da ta kwanta ba ku taka Kabo ba, ko waya ba ku buga ba. Ban kira suna ba. Ita dai ta koya mini wurin da ake dubawa a jana'iza.

Sai dai ke ma, Rifkatu, da za ki gan ni tun da na ajiye wayar nan, ni za ki fara nunawa da yatsa.

Kashin ƙarshen yana cikin wayata. Ba zan buɗe shi ba. Wanda ya san ƙarshen ya riƙe abinsa, kada ya rubuta mini a nan. Matar likitan ce, na bar wa Rifkatu.

Mai shirin kawo mini fatawa a ƙasan wannan rubutu kuma, ya huta. Na san abin da addinina ya ce, kuma ya ce maƙwabci yana da hakki. Wanda ya halicce ta ya fi ni da ku saninta, kuma ba Ya zaluntar kowa. Gare Shi na bar ta.

Gobe za a tafi da ita Filato. Zan je Kabo in tsaya har motar ta tashi.

Allah Ka ba Malam Danjuma da 'ya'yansu haƙuri da dangana. Ka tsare musu hanya. Ka jiƙan Alhaji da iyayenmu. Ka sa mu cika da kyau da imani. Duk matar da take zaune ita kaɗai a ɗakin takaba yau, Ka aiko mata da mai sallama.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa iyalinta a addu'a, kowa yadda aka koya masa. Ku sa ni ma a ciki.

La'asar ta kusa.