Ranar da Na Raba Cikin Kwamfutar Baba

Ina shekarata ta biyu a ɗakin gwaji na wani kamfanin jima a Challawa na kusa rusa aikin da wani bawan Allah ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai. Shugabanmu ne, dattijo mutumin Filato, kowa Baba yake ce masa. Duk sirrin haɗin rinin fatarmu yana cikin tsohuwar kwamfutar da ke kan teburinsa. Ta tsufa har sai ka kunna ta, ka je ka yi alwala, ka dawo ba ta gama farkawa ba.

Da yake na ɗan yi kwas ɗin kwamfuta, sai na ce zan sa mata wata manhaja mara nauyi a gefen tsohuwar, kowacce da ɗakinta, in an kunna mutum ya zaɓi wadda yake so.

"'Yata, kin kwafe komai tukuna?" in ji Baba.

"Na kwafe, Baba."

Ƙarya nake. Filashi ɗaya gare ni, kuma sabuwar manhajar ce a cikinsa. Na ɗauka aikin minti ashirin ne.

Da hantsi na fara. Na matse wajen tsohuwar don sabuwar ta samu gurbi, na danna, layin da ke nuna ci gaban aikin ya fara tafiya a hankali. Bai kai rabi ba wuta ta ɗauke. Manyan gangunan wankin fata suka tsaya cak, har ina jin ɗigar ruwa a kwata. Kafin janareta ya tashi gumi ya jiƙa min hijabi.

Na kunna. Baƙin allo, da layi ɗaya na Turanci: ba a ga abin da za a tashi da shi ba. Na kashe, na sake kunnawa. Haka dai.  Ina ta innalillahi a zuci, ina tuna motar fata da za a rina ranar Litinin.

Baba ya leƙo ta bayana. "Ba komai, ɗauko kwafin."

"Baba, ku yi haƙuri. Ban kwafa ba."

Bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi. Ya cire tabarau, ya zauna a kan wata jarka, ya zuba wa ƙasa ido. 

Na mayar da filashin, na tayar da kwamfutar daga cikinsa. Sabuwar manhajar ta buɗe, can a gefe ga wani ɗan hoto mara suna, alamar ɗakin tsohuwar manhajar. Na daɗe ina kallonsa, don in na buɗe na tarar wayam, shi ke nan. Na yi bismilla na danna.

Ja. Baƙi. Ruwan ƙasa. Fayilolin haɗin rinin suna nan a jere.

"Baba, ku zo ku gani," na ce.

Ɗaya bayan ɗaya ya sa na buɗe su, yana bi da yatsa. Biyu sun ƙi buɗuwa har yau, tsohuwar manhajar kuma ba ta sake tashi ba. Biyun nan da ka Baba ya sake haɗa su, sai da muka ɓata fata shida kafin launin ya zauna.

Washegari ya ajiye min littafi mai kauri da biro. Mako uku ina kwafar haɗin da hannu, yana duba kowane shafi yana sa hannu a ƙasa.